A Auna Iskar Taya Kamar Yadda A Ke Auna Hatsi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Talata Mafara ya san mutanen ƙasar nan ba su wasa da sha'anin awo. Mai sayen gero ba ya kwance bakin buhunsa sai ya ɗauki tiyar ma'auni ya juya gindinta, ya ga ko an bubbuge ta. Mai sayen yadi ya kan tsaya a kan mai kanti har a gwada a gaban idonsa. Amma mutumin nan da ya yi rabin sa'a yana gardama a kan rabin tiya, shi ne zai ɗora buhu biyu a bayan babur, ya latsa taya da babban yatsa, ya ce ta yi, ya kama hanyar Dakko. Direban mota kuwa ko sunkuyawa ba ya yi, sai ya shuri taya da ƙafa, ya saurari ƙararta, ya ce wa fasinja su shiga. A ganinmu wannan sakaci ne babba, maganinsa kuwa ɗan ƙaramin abu ne wanda ya ke shiga aljihu, watau ma'aunin iska, wanda masu faci su ke kira geji. Muna so mu yi magana a kan wanda ya kamata mutum ya saya, domin a kasuwa akwai nagari, akwai kuma wanda gara babu da shi.

Da fari dai ya kamata a san iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗauke da mota da abin da ke cikinta. Robar sutura ce kawai. Wurin da kowace taya ta ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, a kan waɗannan tafuka huɗu kuwa birki da sitiyari da rayukan fasinja su ka dogara. In iska ta yi kaɗan, gefen taya ya kan riƙa lanƙwashewa yana miƙewa duk juyi guda. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙewa don ya karya ta ya san yadda ta ke zafi a hannu. Haka taya ta ke yi. Zafin nan ya kan taru har ya raba robar da zaren ƙarfen da ke cikinta, sa'an nan a ji ta yi bindiga. Tsakanin Gusau da Sakkwato akwai fiye da kilomita 200, Talata Mafara tana tsakiya, a watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin rana ya ke wuce digiri 40, kwaltar nan ba ta takuwa da ƙafa ba takalmi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska wuta biyu ke cinta a wannan hanya, ta ciki da ta waje.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne ido ba ya ganewa. Tayoyin motocin yanzu an yi su ne da ɗan tumbi a gefe ko da sun cika, saboda haka taya ta kan rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, mai kallo bai ga bambanci ba. Kuma ko ba ƙusa ba ƙaya, iska tana zurarewa ta jikin roba a hankali, kamar laba ɗaya ko biyu a wata. Mutum ya yi wata huɗu bai auna ba, ya riga ya shiga haɗari bai sani ba.

Kada a ce wannan tsoratarwa ce irin ta masu rubutu. Ran 6 ga Maris 2016 tayar motar Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Abuja, motar ta wuntsila, ya rasu shi da matarsa da ɗansa. Mun kawo wannan ne don a ga abin da fashewar taya guda ta ke yi, ko da motar ta gwamnati ce mai tsada. Bayan wannan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tashi tsaye wajen wayar da kan direbobi a kan sha'anin taya. A Amurka ma an sha wannan ɗacin. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan shida da rabi daga hannun jama'a, bayan da tayoyin su ka riƙa ɓarewa a kan gudu, yawanci a jikin mota ƙirar Ford Explorer, mutum fiye da 200 su ka halaka. Akwai aibi a ƙirar tayoyin, amma cikin abin da kamfanonin biyu su ka yi ta jayayya a kansa har da iska: masu motar sun ce a sa 26, masu tayar su ka ce 30 ya kamata. Abin lura a gare mu shi ne yawancin haɗurran nan a wurare masu zafi su ka auku, a kudancin Amurka da Saudiyya da Benezuwela. To, in laba huɗu ta isa manyan kamfanoni su yi shari'a a kanta, ina ga wanda tayarsa ta gaza da laba goma?

Wani zai ce ai mai faci yana da geji, me zai sa in sayi nawa? Ba mu raina masu faci ba. Mutane ne masu sana'a mai wuya, suna zaune cikin rana daga safe har magariba, in ba don su ba da rabin motocin ƙasar nan suna gefen hanya. Amma a dubi gejin da ke hannun yawancinsu. Yana rataye a bakin tiyo, yana faɗuwa ƙasa sau goma a yini, yara suna jansa cikin rairayi, gilashinsa ya tsage, hannunsa ba ya komawa kan sifiri. Wani ma ba shi da shi sam, sai ya ƙwanƙwasa taya da sifana. Sa'an nan akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, ta cika kowace taya har 40 ko 50, wai don ta daɗe ba ta nemi iska ba, ko don mota ta yi sauƙin gudu. Yawan iska shi ma cuta ne. Taya ta kan kumbura ta tsaya a kan tsakiyarta, wurin da ta ke taɓa ƙasa ya ragu, birki ya rage kamawa, tsakiyar ta cinye gefe yana sabo. In kuma ta faɗa rami da ƙarfi, ba ta da sauran laushin da za ta shanye bugun. Wanda ke da gejinsa a aljihu shi ne zai iya ce wa mai faci ya isa haka, ba tare da gardama ba.

To, nawa ne daidai? A nan ne mutane da yawa su ke ɓata, har da masu ilmi. Su kan duba jikin tayar mota su ga an rubuta 44 ko 51, su ce ga abin da masu taya su ka ce a sa. Wannan lamba iyaka ce, watau matuƙar abin da tayar za ta iya ɗauka, kamar yadda a kan rubuta iyakar nauyi a bakin gada. Lambar da za a bi ita ce wadda masu ƙera motar su ka rubuta, ana samunta a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, in an buɗe ta, ko a bayan murfin tankin mai. Ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Sau da yawa akwai lamba biyu a takardar, ɗaya ta mota in ba kaya, ɗaya in an cika ta, ta biyun ta fi yawa, musamman a tayoyin baya. Mu kuwa da motocinmu ba su san tafiya ba kaya ba, ta biyun ce tamu.

Akwai kuma rikicin ma'auni iri iri, wanda malaman lissafi za su fi kowa ganewa. Ingila da Amurka sun saba da laba, watau nauyin laba nawa ke danna kowane inci murabba'i, shi ne a ke rubutawa da haruffa uku, PSI. Faransa da Jamus da maƙwabtanmu na Nijar da bar su ke aiki. Wasu motocin kuma kPa a ke rubuta musu. Bar ɗaya daidai ya ke da laba 14 da rabi, daidai kuma da kPa 100. Saboda haka laba 32 da bar 2.2 da kPa 220 duk abu guda ne. Tun da motocin da ke hannunmu yawancinsu na hannu ne, wata daga Turai, wata daga Amurka, wata daga Japan, lalle ne gejin da mutum zai saya ya kasance yana nuna laba da bar gaba ɗaya, a rubuce sarai yadda ido zai gani ba da wahala ba.

Geji iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne mai kama da alƙalami, wanda in an danna shi a bakin bawul wani ɗan sanda mai lambobi ya ke fitowa ta gindinsa. Shi ne mafi araha, ba ya bukatar batir, yana jure faɗuwa, ana maƙala shi a aljihun riga. Aibinsa shi ne ƙura. Ɗan sandan nan zamewa ya ke yi a cikin bututu, in ƙurar hunturu ta shiga sai ya riƙa cijewa, ya nuna ƙasa da gaskiya, mutum ya yi ta ƙara iska a tayar da ta riga ta cika. Lambobinsa kuma ƙanana ne, masu gilashin karatu su kan sha wuya da su.

Na biyu shi ne mai fuskar agogo. A cikinsa akwai wani lanƙwasasshen bututun tagulla wanda ya ke ƙoƙarin miƙewa in iska ta shige shi, miƙewar nan ita ce ke juya hannun. Wani Bafaranshe ne, Eugène Bourdon, ya fito da wannan dabara a 1849, har yanzu kuwa ita a ke amfani da ita a jikin tukwanen gas da injunan ban ruwa. Yana da sauƙin karantawa, ba ruwansa da batir, ƙura ba ta cika damunsa ba. Abin da ba ya so shi ne faɗuwa, gama in ya bugu da siminti sau ɗaya ya kan karkace ya dinga ƙarya, ba kuwa zai gaya wa mai shi ba. Don haka a nemi wanda aka yi wa rigar roba, mai ɗan gajeren tiyo, wanda hannunsa ke tsayawa a kan lamba har a danna maɓalli, mai kuma wurin rage iska in ta yi yawa.

Na uku shi ne mai batir, wanda ke nuna lamba a ɗan gilashi kamar agogon hannu. Nagarinsa ya fi sauran faɗin gaskiya, yana nuna har rabin laba, wasu ma suna da 'yar fitila don dare. Amma rayuwarsa tana hannun ɗan batir mai kama da kwabo, wanda ba a kowane kanti a ke samu ba, motar da aka bari a rana kuwa tanda ce, zafi yana kashe batir yana ɓata gilashin. A ranar da aka fi bukatarsa, a ranar ya kan ƙi tashi.

Mu dai in za a bi ta tamu, ga malamin makaranta ko akawun ofis da ke zaune a Dakko ko Bakura ko Maradun, mai fuskar agogo ya fi. Wanda aljihunsa bai kai ba ya sayi mai kama da alƙalami na ƙarfe, ya ajiye shi cikin leda. Mai batir kuwa a bar wa mazaunin Gusau da zai iya samun batir in ya mutu.

Sai dai akwai wani abu da ya fi irin gejin muhimmanci, mutane kuwa ba su kula da shi ba, watau iyakar lambarsa. Mai saye ya kan ga geji biyu, ɗaya ya tsaya a 60, ɗaya ya kai 160 ko 200, sai ya ɗauki na biyun, yana tsammani babba ya fi. Wannan kuskure ne. Irin wannan ma'auni ya fi faɗin gaskiya a tsakiyar fuskarsa, a farko da ƙarshe kuwa ya kan kauce. Ban da haka, in an matse lamba 200 a fuskar da ba ta wuce gindin kofi ba, tsakanin 28 da 32 bai fi kaurin hannun gejin ba. Ba wanda ke auna zinariya da sikelin auduga. Mai ƙaramar mota ko babur ya nemi wanda ya tsaya a 60, don 30 ta faɗo tsakiya. Mai babbar mota, wanda tayarsa ke cin laba 100 ko fiye, shi ne ke bukatar mai 160, mai dogon wuya da baki biyu don ya isa tayar ciki.

Yanzu sai keke, wanda a kansa ne za mu ɗan daɗe, domin shi ne abin hawan da aka fi zalunta. Tsofaffin ma'aikata suna tune da zamanin da ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun su ke ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da keke ke da lambar hukuma, akawu ya kan ci bashi ya sayi Raleigh ya riƙa goge shi kamar doki. Yanzu an bar wa ɗalibai da manoma. Alhali kuwa tayar iska a kan keke ta fara samun karɓuwa. Wani likitan dabbobi ne, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa ita a birnin Belfast a 1888, ko da ya ke wani mai suna Robert Thomson ya riga shi tunanin tun 1845, sai daga baya masu mota su ka ɗauka.

Wahalar keke tana wajen bawul, domin iri uku ne, geji kuwa ba ya shiga kowanne. Akwai irin na mota da babur, mai kauri, mai ɗan tsinke a tsakiya, wanda gidan Schrader na Amurka su ka yi wa rajista a 1893. Keken da ke da wannan ba shi da matsala, gejin mota ya ishe shi. Akwai siririn nan na Faransa mai ɗan noti a ka, wanda a ke gani a kekunan tsere na gwanjo. Shi sai da geji mai bakinsa, ko ɗan mahaɗi na tagulla da a ke ɗaurawa. Tayar keken tsere kuma ta kan ci laba 80 har 120, saboda haka geji mai 60 ba zai yi mata ba. Sa'an nan akwai na uku, na Ingila, wanda shi ne a jikin baƙin kekenmu na gado, irin su Raleigh da Phoenix, da yawancin kekunan gwanjo na Japan. Shi ne mai 'yar robar nan siririya da a ke zura wa ƙarfe, wadda in ta ruɓe a kan saya a canza. Wannan bawul ƙofa ce mai shiga ba fita. Iska ta kan ture robar ta wuce, amma ba ta komowa, geji kuwa sai iska ta komo masa ya ke iya aunawa. Wanda ya sayi geji don irin wannan keke ya yi asarar kuɗinsa, kada kuma ya zargi mai kanti.

Mafita biyu ce. Ko dai a sayi famfon ƙasa mai geji a jikinsa, a riƙa duban hannun lokacin da a ke bugawa, da sanin cewa zai nuna fiye da abin da ke cikin tayar, domin robar bawul ma tana cin nata ƙarfin. Ko kuwa, wanda mu ka fi so, in tiyub ya mutu a maye shi da mai bawul irin na mota, gama ramin da ke jikin wilin ɗaya ne, zai shiga ba sai an fasa ba. Da haka geji guda ya ishi keke da babur da mota a gida ɗaya. A keke, ba kamar mota ba, lambar da ke jikin taya ita ce abin bi, a kan rubuta mafi ƙaranci da mafi yawa, ga baƙin keke kuwa yawanci tsakanin 35 da 60 ne. Mai nauyi da mai ɗaukar kaya su kusanci ta sama, musamman a baya. Yawancin facin da ɗalibai ke yi ba ƙaya ba ce. Taya ce ba iska, ta hau dutse, ƙarfen wili ya tsunkule tiyub ya yi masa huda biyu kusa da juna kamar saran maciji. Duk mai facin da ya ga wannan alama ya san dalilinta. Tiyub ɗin keke kuma ya fi na mota saurin zubar da iska, sai a duba shi kowane mako.

Babur kuwa, wanda shi ne jakin wannan zamani, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 shi da keke ke fito da shinkafa da tumatir da albasa daga gonakin ban ruwa zuwa bakin kwalta. Lambarsa tana manne kusa da murfin sarƙa, ga yawancin ƙananan babura kamar 25 ce a gaba, 28 a baya, 32 in da goyo. Mun san mahaya su kan rage iska in za su shiga rairayi, wannan kuwa dabara ce mai kyau, taya ta kan baje ta daina nutsewa. Laifin shi ne a fito kan kwalta da buhu biyu a manta ba a mayar ba.

Lokacin awo ma yana da ƙa'ida. Lambar da masu mota su ka rubuta ta taya mai sanyi ce, watau wadda ta kwana, ko ta huta kamar sa'a uku a inuwa. Iska tana kumbura da zafi, duk ƙarin digiri 10 ya kan ƙara wajen laba ɗaya da rabi, gudu kuma ya kan ƙara huɗu ko biyar. Saboda haka direban da ya taso daga Gusau ya tsaya a Mafara da azahar, ya auna ya ga 37 maimakon 32, kada ya rage. Tayarsa lafiya ta ke. In ya sauke ta zuwa 32 tana da zafi, gobe da asuba zai same ta a 27, ya kama hanya da ita a haka. Mun sha ganin ana yin wannan a tasha da sunan gwaninta. Haka kuma tayar da aka cika da bazara ta kan nuna ƙasa in ɗari ya sauko, sai a sake aunawa duk lokacin da yanayi ya juya.

Masu sababbin motoci za su ce su motarsu tana kunna musu fitila in iska ta ragu. Gaskiya ne, bayan abin da ya faru da Firestone Amurka ta yi doka, tun Satumba 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota sai da wannan na'ura, ƙasashen Turai su ka bi a Nuwamba 2014. Amma bisa dokar Amurka fitilar ba dole ta kama ba sai iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, watau daga 32 ta sauko 24. Wannan ƙararrawar gobara ce. Kuma a motoci da yawa, a cikin kowace taya akwai ɗan batir da ke mutuwa bayan shekaru, motocin da ke isowa gare mu kuwa sun riga sun tsufa, shi ya sa za a ga fitilar tana ci dare da rana har mai motar ya daina ganinta.

Batun mai kuma, ba za mu zuguguta shi ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk laba ɗaya da tayoyi su ka gaza, mota ta kan ƙara shan mai da kashi ɗaya cikin ɗari biyar. In sun gaza da laba shida, a tanki mai lita 50 an yi asarar fiye da rabin lita. Ba shi da yawa, ko da ya ke tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 rabin lita ma abin lissafi ne ga mai albashi. Babbar asarar tana wajen tayar kanta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008, tayoyin mota su ka koma na shigowa da kuɗin waje. Tsada ta tura mutane ga tayar gwanjo, wadda doka ta hana shigowa da ita amma ta cika kasuwa. Tayar da ta riga ta gaji a wata ƙasa ita ce ta fi kowace bukatar a ba ta iska daidai. Wanda zai saya ya duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2319 ke nan mako na 23 na 2019.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a wannan yanki ba sai mun tsawaita ba. A da, in taya ta yi faci tsakanin ƙauyuka, abin da mutum zai yi asara shi ne lokaci. Tun da 'yan bindiga su ka addabi ƙasar Zamfara, tsayuwar rabin sa'a a daji da yamma ta zama wani abu dabam. Malamin da ke zuwa makarantar ƙauye a kan babur ya fi mu sanin wannan.

Saura tambaya guda, wa zai auna ma'aunin? Geji ba ya zuwa da shaida, na jabu kuwa sun fi nagari yawa. Dokar Awo da Ma'auni ta 1974 ta ba gwamnatin tarayya ikon duba sikeli da famfunan gidajen mai, muna kuwa roƙo a sa gejin masu faci cikin abin da a ke dubawa. Amma ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyar direbobi ta tashar Talata Mafara tana iya sayen geji guda nagari, a ajiye shi a ofis cikin akwati, ba a ba da aronsa, duk mai faci da direba ya kawo nasa a gwada a taya guda. Wanda ya kauce da laba ɗaya ko biyu a rubuta masa a jiki, wanda ya wuce haka a yar. Ƙananan hukumomin nan uku suna iya yin haka a garejinsu, su kuma sa direbobin motocin asibiti su rubuta awon kowane mako a littafin mota. Malaman kimiyya kuwa sun sami darasi a ɓagas: a auna tayar keke da safe a rubuta a allo, a bar shi a rana, a sake aunawa bayan tara, yara su faɗi dalili.

Mai saye shi kaɗai kuma yana da abin yi tun a gaban mai kanti. Ya duba hannun yana kan sifiri. Ya nemi a ba shi guda uku ya gwada su a taya ɗaya, ya ɗauki wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa, ya bar wanda ya ware. Ya danna sau uku ya ga ko lamba ɗaya ya ke bayarwa, ya kuma saurara, in iska tana tsiyaya ta gefen baki robar cikinsa ba ta da kyau. In ya kai gida, ya fara da safaya, gama ita ce tayar da ta kan shekara a bayan mota ba wanda ya taɓa ta, in kuwa irin siririyar nan ce ta wucin gadi, laba 60 ta ke bukata.